Butloda ya ƙi tashi: yadda ake kai ƙorafi da yadda ake aika faci

Shekaranjiya bayan la'asar wani ƙanena da ke karatu a jami'a ya shigo mini shago nan Sabon Gari da laftof a hammata, fuska a murtuke, ya ce Yaya duba mini abin nan ya mutu. Na buɗe, allo baƙi ƙirin, ba komai sai ɗan rubutu can sama wai unknown filesystem, ƙarƙashinsa kuma grub rescue> yana jira. Na ce me ka taɓa? Ya ce wallahi ban taɓa komai ba. Duk wanda ya taɓa gyaran na'ura a Damagaram ya san "ban taɓa komai ba" ita ce ƙarya mafi tsufa a sana'ar nan, sai da muka sha shayi zubi biyu sannan ya tuna ashe da daddare ya shiga Windows ya goge wani partisiyon, wato yanki na diski, da ya ga kamar ba shi da amfani don ya samu wurin zuba bidiyo, alhali kuwa can ne fayilolin GRUB, wato butlodan da ke tada na'urar, suke zaune. Da kile USB muka tada ita kafin magariba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce ai da ma yana shirin rubuta wa masu GRUB ɗin ne ya gaya musu abinsu ya lalace. Na ce me za ka ce musu? Ya ce zan ce ba ya aiki, su gyara. Shi ne na ce bari dai in zauna in warware maganar nan a rubuce, don ba shi kaɗai ba ne.

Da farko shi kansa butlodan. In ka danna maɓallin kunnawa, Linux ko Windows ba su ne ke fara tashi ba, suna can kwance a diski kamar kaya a cikin sito, sai an samu wanda zai ɗauko su ya ɗora cikin RAM ya ce bismillah. Wannan ɗan dakon shi ne butloda. A tsofaffin kwamfutoci masu BIOS, wato ƴar manhajar da ke cikin na'urar kanta wadda ke fara farkawa, abin da BIOS yake yi kawai shi ne ya karanta sashen farko na diski, bayit 512, kuma cikin 512 ɗin ma 446 ne kaɗai na kod, sauran teburin partisiyon ne da ƴar alama. Ka ga ba abin kirki da zai shiga wannan ɗan wuri, shi ya sa GRUB ya rarraba kansa, ɗan ƙarami ya ɗauko wanda ya fi shi, shi kuma ya je /boot/grub ya kwaso sauran tare da grub.cfg, fayil ɗin saitinsa, sannan ka ga jerin zaɓin nan na Linux ko Windows. In na tsakiyar ya tashi ya nemi sauran bai gan su ba, nan ne kake ganin grub rescue>, wato abin da ya samu ƙanena kenan. A sababbin na'urori masu UEFI, magajin BIOS, kuma butlodan fayil ne zaune cikin wani ƙaramin partisiyon na FAT, galibi sunansa grubx64.efi.

GRUB ɗin nan wani Erich Boleyn ne ya fara shi a 1995, a 1999 ya shiga ƙarƙashin GNU, aikin haɗa manhajojin da kowa ke da ƴancin amfani da su, wanda muke amfani da shi yanzu kuma wato GRUB 2 an sake rubuta shi ne daga tushe, sigar 2.00 ta fito a 2012, 2.06 a 2021, 2.12 a ƙarshen 2023. Ka lura da tazarar da ke tsakani, ba abu ba ne da ake fitarwa kowane wata. Ɗaya babban da ya kamata mu sani shi ne U-Boot, wanda shi ba a laftof yake zama ba, yana cikin ƙananan na'urori ne, rawta ɗin wifi da yawa, akwatunan talabijin masu Android, ƙananan bod masu ARM da ɗalibai ke saye don aikin ƙarshen karatu. Da can sunansa PPCBoot, a 2002 aka mai da shi U-Boot, Wolfgang Denk na ƙasar Jamus ya daɗe yana jagorancinsa, daga baya Tom Rini ya karɓa. Shi kam sau huɗu yake fita a shekara, Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba, kuma sunan sigar shekara ce da wata, kamar v2024.01, da ka gani ka san shekarunsa. Dukansu biyu buɗaɗɗu ne, suna ƙarƙashin lasisin GPL, kowa na iya ɗaukar kod ɗin ya karanta ya canza ya mayar.

To me ya sa kai ƙorafin butloda ya fi na sauran manhajoji wuya? Saboda lokacin da yake mutuwa babu kowa a farke. In Firefox ya faɗi, Linux na nan tsaye zai rubuta abin da ya faru a wani fayil ka je ka ɗauko. Butloda in ya faɗi babu mai rubutawa, babu linzami, babu intanet, wani lokacin ko allon ma bai kai ga kunnawa ba. Kai kaɗai ne shaida. Kuma mutumin da zai karanta saƙonka yana Jamus ko Amurka ko Indiya, bai taɓa riƙe irin na'urarka ba, mai yiwuwa ma ba zai taɓa gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, in ba ka nuna masa wurin da yatsa ba to ba shi da ta yi. Ni a ganina wannan shi ne gundarin maganar duka, sauran ƙa'idojin da za ka ji daga nan suka fito.

Kafin ma ka rubuta komai, tsaya ka tabbata laifin nasu ne. Na taɓa kwashe kusan sati ina fama da wani ƙaramin bod da ke tashi ya kai wani wuri ya sake komawa farko, ya sake, ya sake, na riga na yanke cewa na kama kuskure a butloda har na fara tsara saƙona da Turancina na karambani ina jin kaina. Ashe cazar da nake ba shi wuta da ita ce, irin mai arhar nan ta bakin titi, da zarar ya fara jan kuran sosai sai ta durƙushe. Na canza caza magana ta ƙare. Da na aika da kunya ta ishe ni. Nan garin abubuwan da ke kwaikwayon kuskuren manhaja suna da yawa, katin memori na jabu da aka rubuta masa girman da ba shi da shi, ƴar batir ɗin agogon cikin laftof da ta mutu tun kafin na'urar ta baro Turai sai saitin BIOS ya riƙa komawa yadda yake, ƙurar hunturu da ta toshe fanka, zafin watan Afrilu, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa. Akwai kuma wata ƴar ƙaramar da ke rikita mutane, laftof ɗinmu rabi AZERTY ne na Faransa rabi QWERTY ne da ya biyo ta Kano, shi kuwa GRUB in ka faɗa wurin rubuta masa umarni yakan ɗauki kibod ɗinka a matsayin na Amurka, ka danna a ya fito q. Wannan ba lalacewa ba ce, haka yake in ba a saita masa wani ba.

Sai tambaya ta biyu, wa za ka kai wa? Nan mutane ke ɓata. GRUB ɗin da ke cikin Ubuntu ko Debian ko Fedora ba shi ne tsantsar wanda masu GRUB suka fitar ba, kowane ɗayansu ya ɗora masa nasa gyare-gyaren da yawa a kai. Saboda haka in matsalar a Ubuntu ka gan ta, ƙofar farko ita ce ta Ubuntu ɗin, suna da wurin karɓar ƙorafi a Launchpad, Debian kuma suna da wani ɗan umarni reportbug da ke tattara maka bayanan ya aika. Sai in ka ɗauko tsantsar kod ɗin na yanzu ka haɗa da kanka ka ga matsalar na nan, to lokacin ne ka cancanci zuwa tushe. Na U-Boot ma ya fi tsanani, don wanda ke cikin rawta ko akwatin talabijin ɗin da ka saya a kasuwar Dole sau tari tsohuwar siga ce ta shekaru da yawa da kamfanin ya ɗauka ya yanka ya ɗinka yadda ya ga dama, masu U-Boot na asali ba su taɓa ganin wannan kod ɗin ba balle su gyara. Kamar ka sayi riga a wurin wani tela ne ta yage ka kai wa masaƙa ƙara. Abin da GPL ya ba ka a nan shi ne haƙƙin neman kod ɗin daga wanda ya sayar da na'urar da shi a ciki, ko zai ba ka cikin daɗin rai wannan wata magana ce daban. Kuma ka ɗan bincika tukuna ko wani ya riga ya kawo irin ƙorafin, in ya kawo ka ƙara naka bayanin a kai, ya fi a buɗe sabo.

Yanzu shi saƙon kansa. Ka ɗauka kamar bayanin da kake yi wa likita ta waya game da mara lafiyar da ba zai iya gani ba. Wace na'ura ce, sunanta da lambarta cif, kar ka ce "wata HP". BIOS take ko UEFI, kuma Secure Boot, tsarin da ke hana tada manhajar da ba a amince da ita ba, a kunne yake ko a kashe. Wace siga ce ta butlodan, a GRUB grub-install --version zai gaya maka, a U-Boot layin farko da yake zubowa in ya tashi yana ɗauke da sigar da ranar da aka haɗa shi, ko ka rubuta version. Yaya diskin yake a rarrabe, wane irin tsarin fayil. Sannan abin da ka yi bi da bi, na kunna, na zaɓi na biyu, na jira, yadda wani zai iya bin sawunka ya faɗa ramin da ka faɗa. Abin da kake tsammani ya faru, da abin da ya faru a zahiri, ka raba su kada ka cakuɗa. Kullum yake yi ko sau ɗaya cikin biyar? Da yana aiki ya daina, ko tun farko bai taɓa yi ba? Wannan ta ƙarshen ta fi sauran duka tsada, zan dawo kanta. Kuma don Allah saƙon kuskuren a kwafe shi harafi da harafi, kada a fassara, kada a ce "ya rubuta wani abu kamar error". Da wannan layin ne mutumin zai bincika cikin kod ya gano daidai wurin da aka tsaya. Hasashenka kuma ka ajiye shi ƙarshe ka ce ina zaton kaza ne, kada ka sa shi a gaba kamar tabbas, don in zaton ya karkace ka kai mutane daji.

Yadda za ka samo bayanan da yake zubowa shi ne inda aikin yake. A GRUB kana iya danna c ka shiga wurin umarni ka rubuta set debug=all, zai yi ta surutu kan duk abin da yake yi, ka haɗa da set pager=1 don kada ya wuce da gudu, sannan ka ɗauki hoton allo da waya tunda ba wata hanya, amma hoto mai kyau fa, ba wanda rabinsa fuskarka ce da hasken ƙofa ba. A U-Boot kuwa sai da ƴar wayar nan ta USB zuwa UART, wadda ke kawo rubutun da bod ke zubowa zuwa allon kwamfutarka, ba ta da tsada kuma duk wanda ke son wannan harkar ya kamata ya mallake ta. Waya uku kawai za ka haɗa, GND da GND, TX (mai aikawa) na wannan da RX (mai karɓa) na wancan, a giciye kenan, in ka haɗa TX da TX shiru za ka ji. Ka bar wayar wuta kada ka haɗa ta, kuma ka tabbata 3.3 volt ce don yawancin bod ɗin nan ba sa jure 5. Gudun da aka fi amfani da shi 115200. In ka ga rubutu kamar na aljanu to gudun ne bai yi daidai ba. In ya daidaita za ka ga komai tun daga farko, ɗan ƙaramin da ake kira SPL wanda ke tada RAM, sannan U-Boot ɗin kansa, sannan ya ƙirga ƴan daƙiƙu ya ce ka danna kowane maɓalli in kana so ya tsaya. Ka kwafe duka tun daga layin farko, kada ka yanko inda kake ganin shi ne mai muhimmanci, sau da yawa amsar na can sama inda ba ka kula ba. Ka ƙara da abin da umarnin printenv da bdinfo suka nuna, da sunan defconfig ɗin, wato fayil ɗin saitin bod, da ka haɗa da shi.

Na ce zan dawo kan "da yana aiki ya daina". In ka san wata tsohuwar siga da ke tashi lafiya da sabuwa da ba ta tashi, to ka riƙe zinariya, don akwai git bisect. Duk canjin da aka taɓa yi wa kod ɗin yana jere cikin git ɗaya bayan ɗaya, kowane da lambarsa. Ka gaya masa wannan mai kyau ce wannan mara kyau, sai ya kai ka tsakiya, ka haɗa ka gwada ka ce masa ta yi ko ba ta yi ba, ya sake raba rabin da ya rage biyu, haka haka. Canji 1000 gwaji kamar 10 ne ya ishe shi, tunda 2 in ka ninka ta sau 10 ta ba ka 1024. A ƙarshe zai nuna maka canji guda ɗaya tak da sunan wanda ya yi shi da dalilinsa. Gaskiya aikin akwai cin rai, kowane zagaye sai ka haɗa, ka zuba a kati, ka soka, ka kunna, in wuta ta ɗauke ka jira, amma saƙon da ke cewa "canji mai lamba kaza ne ya karya mini bod kaza" ba ya kwana ba a kula shi ba kamar yadda "ba ya aiki" ke kwana. Kuma ka lura, ba ka buƙatar iya rubuta kod da harshen C ko layi ɗaya kafin ka yi wannan. Haƙuri kawai yake so da yammaci guda.

Akwai irin kuskuren da ba a shelarsa a kasuwa, wato na tsaro. A Disamban 2015 wasu masu bincike biyu a Balensiya ta ƙasar Sifen, Hector Marco da Ismael Ripoll, suka bayyana cewa in an sa wa GRUB 2 kalmar sirri, danna maɓallin gogewa sau 28 a wurin rubuta suna na iya tsallakar da mutum ya faɗa ciki. Sau 28 fa, ba wani kayan aiki. A Yulin 2020 kuma kamfanin Eclypsium ya fito da wanda aka sa wa suna BootHole, inda ta hanyar grub.cfg da aka lauya ake iya zagaye Secure Boot. Irin waɗannan a asirce ake kai wa masu kula da tsaron manhajar, a ba su lokaci su shirya gyara tare da su Debian da Red Hat da sauransu, sannan a sanar rana ɗaya. Abin da ya sa na kawo BootHole ma shi ne abin da ya biyo baya, gyaran farko da aka tura ya sa wasu na'urorin suka ƙi tashi sam, sai da aka sake gyara gyaran. Manyan ƙwararru kenan. Shi ya sa in ka ga masu butloda na tsaurara wa facinka kada ka ce wulaƙanci ne, kuskure ɗaya a wurinsu na nufin na'urorin da ba a san adadinsu ba su wayi gari kamar bulo.

To mu zo kan facin. Kalmar ma mun riga mun san ta, ita ce dai ta mai faci da ke bakin hanya, ba ya canza maka taya duka, inda ta huje yake nema ya liƙe. A nan ma faci ɗan fayil ne da ke cewa a fayil kaza cire wannan layin sa wannan. Ka ɗauko kod na yanzu da git, ba tsohon da ke hannunka ba. Ka yi gyara ɗaya a faci ɗaya, in ka hango wani kuskuren rubutu a gefe kana wucewa ka bar shi ya zama nasa facin daban, kada ka gyara abu uku ka dunƙule, don in ɗaya ya zo da matsala gobe mai yin bisect ya rasa wanne ne. Ka bi salon rubutun gidan, U-Boot irin na karnel ɗin Linux, wato zuciyar Linux, yake bi, GRUB kuma na GNU, kuma a U-Boot akwai scripts/checkpatch.pl da zai duba maka tun kafin wani ya gani ya yi maka dariya. Gwaji kuma kada ka fara a kan na'urar da kake cin abinci da ita. Akwai QEMU da ke kwaikwayon kwamfuta cikin kwamfuta, grub-mkrescue zai haɗa maka abin da za ka tada a ciki, U-Boot na da sandbox da ke gudana kamar kowace manhaja a Linux, in kuma sai a bod na gaske to ka tada shi daga katin memori in yana yarda, wanda in ya ƙi sai ka zare kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka san hanyar da za ka dawo da na'urar kafin ka rubuta wani abu cikin filashinta.

Abin da sababbi ba sa yarda da shi sai sun gani shi ne bayanin da ke kan facin ya fi facin cin lokaci. Gyaran na iya zama layi biyu, bayanin sakin layi uku. Layin farko gajere, ya fara da sunan ɓangaren da ka taɓa, misali mmc: in ɓangaren katin memori ne, sannan abin da facin ke yi. Ƙasa kuma ka faɗi dalili, mece ce matsalar, a wace na'ura, me ya jawo ta, me ya sa wannan hanyar ka bi. Abin da ka canza kowa na gani a kod, dalilin ne ba ya gani, kuma wanda zai karanta bayan shekara goma shi yake nema. In ka san canjin da ya kawo kuskuren ka sa layin Fixes: da lambarsa. Can ƙasa sai Signed-off-by da sunanka da adireshin imel. Wannan layin ba ado ba ne, shaida ce kake bayarwa cewa kai ka rubuta ko kana da haƙƙin bayar da shi ƙarƙashin lasisin, al'adar ta samo asali ne daga karnel ɗin Linux a 2004 lokacin rigimar kamfanin SCO kan wa ya mallaki wane kod. Don haka ba wurin sa sunan da kake amfani da shi a Facebook ba ne, kuma in kod ɗin daga wani wuri ka kwaso wanda ba ka san lasisinsa ba, bar shi.

Aikawa kuma, U-Boot ya daɗe a kan hanyar imel, kuma imel tsurarsa, rubutu zalla, facin a cikin jikin saƙon. Kada ka kwafa ka liƙa a Gmail ta burawuza, zai murɗe maka tazarar layuka ya karya dogaye, facin ya ƙi hawa a wurinsu. git format-patch ya fitar, git send-email ya aika, saitin farko ne kawai ke da ɗan ciwon kai, ka fara aika wa kanka ka gani. scripts/get_maintainer.pl zai gaya maka su wa ke kula da fayil ɗin da ka taɓa don ka sa su a saƙon, tunda aikin a rarrabe yake, akwai mai riƙe da ɓangaren katin memori, akwai na USB, akwai na kowane dangin furosesa, daga hannunsu yake wucewa zuwa babban reshe. Akwai ma wani kayan aiki patman da ke haɗa maka waɗannan matakan. Kowane gida dai da tsarinsa kuma tsarin na canzawa, saboda haka ka karanta bayanin da ke cikin kod ɗin kansa kan yadda suke so a aika kafin ka tura.

Daga nan sai jira. Wani lokacin kwana biyu, wani lokacin shiru har mako biyu ko fiye, da yawansu suna da wani aikin da ke ci da su, kuma akwai ƴan makonnin da ake karɓar sabon abu bayan kowace fitowa, in an rufe sai gyaran kuskure kawai ke shiga, sauran su jira zagaye na gaba. In shirun ya yi yawa ka tuna musu cikin ladabi a ƙarƙashin saƙon farko. In amsa ta zo kuwa, shirya, ba za ka ga sallama ba, ba ina kwana, ba ya gida ya iyali, layi ɗaya ne wai wannan ba daidai ba ne ka canza kaza. Mu da muka saba gaisuwa sai ta ci minti biyar kafin a shiga magana abin na sukar mu da farko, ni kaina sai da na yi kwana biyu ina hushi da wani bawan Allah da bai ma san ina yi ba, daga baya na gane shi kod ɗin yake wa magana, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ka amsa kowace magana a ƙarƙashinta, in ba ka yarda ba ka faɗi hujjarka, sannan ka gyara ka sake aikawa a matsayin v2 tare da ɗan bayanin abin da ya canza a ƙasan layin nan mai ƴan sanduna uku a kwance (---), wanda ba ya shiga tarihin kod. Kai wa v3 ko v4 ba abin kunya ba ne, tsofaffin hannu ma suna kaiwa.

Turancin fa? Na san shi ne ke tsayar da da yawanmu, mu da Faransanci muka yi lakkwal. Amma da yawa daga cikin waɗanda ke cikin aikin nan su ma ba harshen uwarsu ba ne, Jamusawa ne da ƴan Sin da ƴan Faransan kansu. Gajerun jimloli, lambobi daidai, bayanan da na'ura ta zubo a liƙe ƙasa, ya wadatar. Kuma ba sai ka rubuta faci kake da amfani ba. In wani ya aika gyara ga irin bod ɗin da ke hannunka ka gwada ka amsa da Tested-by, sunanka zai shiga tarihin canjin, haka wanda ya kawo ƙorafin ana sa masa Reported-by. Tsofaffin laftof ɗin da Turai ta gama yayinsu nan suke ƙarewa a teburanmu, na'urar da mai kula da kod ɗin ya rabu da ita shekara goma da suka wuce ni ina da uku a ƙarƙashin kanta, in sabuwar siga ta karya su ba wanda zai lura sai irinmu.

Ƙanen nawa dai na ba shi ƴar wayar UART ɗina aro da wani tsohon rawta da ba na jin asararsa, na ce ya je ya samo mini abin da yake zubowa tun daga layin farko. Jiya da dare ya turo mini hoto a WhatsApp, shiru allon ba komai, ya ce Yaya wayar taka ta lalace. Na ce juya TX da RX.